Tafiyarmu Ƙasar Abzin Cikin Mota Mai Ɗaki

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa ya san Buzaye. In kaka ta wuce, sanyi ya fara shigowa, sai a gan su sun sauka bayan gari da raƙumansu, fuska a rufe da baƙin rawani, suna sayar da kantun gishiri da dabino, suna awon gero. Amma in ka tambayi mutum goma daga ina suke fitowa, tara za su ce maka daga Abzin, da wuya kuwa ka sami ɗaya da zai faɗa maka yadda Abzin take. Da yawanmu muna tsammani rairayi ne fetal, ba tudu ba itace.

Abzin ƙasar duwatsu ce a cikin hamada, arewa da birnin Agadas a Jamhuriyar Nijar. Turawa suna ce da ita Ayir. Tsawonta daga kudu zuwa arewa ya wuce kilomita 300. Ita kanta ƙasar bisa tudu take, sa'an nan manyan duwatsu baƙaƙe sun tashi a kanta nan da can kamar tsibirai. Mafi tsawo cikinsu shi ne na Bagzan, ƙwanƙolinsa mita 2,022, ba wurin da ya kai shi a duk faɗin Nijar. Mai karatu da ya san Jos sai ya kwatanta, gama garin Jos yana wajen mita 1,200 ne.

Mun tafi can da hutun Kirsimeti na shekarar 2006. Mahaifina ne ya ja mu. Shi Bagobiri ne, an haife shi kusa da Tsibiri, yana saurayi ya ƙetaro Nijeriya. Gobirawa kuwa, kamar yadda tsofaffinsu ke faɗa, a Abzin suka fara zama kafin Buzaye su matsa musu su gangaro kudu, suka yi Birnin Lalle, daga baya Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808, sa'an nan Tsibiri. Tun muna yara Baba yakan ce shi dai yana so ya ga ƙasar nan da idonsa. A shekarar nan ya cika saba'in da biyu, gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, muka ga in ba a yi a sa'an nan ba, ba za a yi ba.

Mota kuwa aro muka yi. Wani likita Bature, abokin iyalinmu, zai tafi gida hutu, ya bar mana tasa, tsohuwar Toyota Land Cruiser wadda aka gina wa ɗaki a baya. Cikin ɗakin akwai gado mai naɗewa, da ɗan kabad, da murhun gas mai baki biyu, da ɗan famfo da ke jawo ruwa daga tanki mai cin lita 100 da aka ɗaure a ƙarƙashin motar. Ƙafafunta huɗu duka suna ja, abin da ya wajaba ke nan ga mai shiga rairayi. A bisa rufin muka ɗaura taya biyu, da jarkokin mai, da shebur, da dogayen faifayen ƙarfe biyu masu huda-huda waɗanda ake shimfiɗawa in mota ta kafe. Mu shida muka tashi: Baba, da ni, da uwargida, da ɗanmu mai shekara biyar, da 'yarmu mai uku, da ƙanena makanike, wanda shi ne direba.

Tun daren farko muka gane Baturen da ya tsara ɗakin nan bai san surukuta ba. Shi ya yi shi domin miji da mata da 'ya'yansu su kwana wuri ɗaya, su ci abinci gwiwa da gwiwa. Mu kuwa ga Baba, ga matar ɗansa, wadda ko ruwa ba ta sha a gabansa. Sai muka yi namu tsari. Uwargida da yara suka riƙe ɗaki, Baba ya riƙa kwana a kujerar gaba da bargo biyu, ni da ƙanena muna shimfiɗa tabarma a gindin mota. Abinci kuma maza su ci waje, ita ta ci ciki. Haka muka yi har muka dawo, ba wanda ya takura.

Muka ƙetare iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa, aka duba katin allurarmu da takardun mota, muka kwana Maraɗi. Nan ne uwargida ta fara karatun kuɗin sefa. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙidaya, dala ɗaya kuwa faran biyar ce, saboda haka in mai tumatir ta ce "ɗari" faran 500 take nufi, jaka kuma 1,000. Sai da muka kai Tawa kafin hankalinta ya kwanta ba cutarta ake yi ba. Muka ratsa Tsibiri Baba ya gaisa da dangi, muka wuce Madawa da Galmi mai albasa, a Tsarnawa muka juya arewa.

Daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne. An shimfiɗa kwaltar nan wajen 1980 domin motocin da ke kwaso yuraniyam daga Arlit, inda aka fara haƙarsa a 1971. A hankali ƙasa take tuɓewa. Bayan tabkin Tabalak gonaki suka fara ƙarewa, bayan Abalak ba ka ganin kara ko ɗaya, sai ƙarangiya, da aduwa ɗaya nan ɗaya can, da rijiyoyi masu zurfi inda Fulani da Buzaye ke shayar da dabbobi. Yara suka ƙidaya raƙuma har suka gaji suka yi barci.

Tun daga nesa ake hango hasumiyar babban masallacin Agadas. Da laka aka gina ta, tsawonta mita 27, tana da faɗi a ƙasa tana tsukewa sama, itatuwa sun fito jikinta ko'ina kamar ƙayar bushiya. Su ne ke riƙe ginin, su ne kuma matakalar magina in za a yi yaɓe. An fara gina masallacin wajen 1515, aka sake shi a 1844. Kusa da shi fadar Sarkin Abzin take, sarautar da aka kafa tun farkon ƙarni na 15. Aka nuna mana gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850, kafin ya wuce Katsina da Kano. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a wannan birni na Buzaye Hausa ake yi a kasuwa da cikin unguwanni, baƙo daga Katsina ba ya bukatar tafinta. Shuɗin turkuɗin da manyansu ke naɗawa, wanda ke rina musu fuska, daga Kura ta ƙasar Kano ake kawo shi. Wani dattijo mai sayar da sirdin raƙumi ya dubi tsagen kumatun Baba, ya ce, "Bagobiri, ka zo ganin kufai ke nan?" Baba ya ce, "Na zo in ga ko kun kula mana da shi." Suka yi dariya, aka kawo shayi.

Muka shiga wurin maƙeran azurfa. Suna ƙera wani abin wuya wanda Turawa suka sa wa suna gicciyen Agadas. Da kakin zuma suke fara siffanta shi, su lulluɓe da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya zube, sa'an nan su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Akwai iri 21, kowanne da sunan garinsa. Na san masu karatu za su so su ji ko yana da dangantaka da gicciyen da muka sani. Masana ba su daidaita ba. Waɗansu sun ce ragowar zamanin da akwai ikilisiyoyi ne cikin dangin Buzaye na Afirka ta Arewa, waɗansu sun ce kusurwoyin duniya huɗu yake nunawa. Su maƙeran Musulmi ne, a harshensu kuma ba gicciye suke ce da shi ba. A ganina kada mu yi garajen cewa namu ne. Na dai saya wa uwargida ɗaya domin kyaunsa.

Ba a shiga duwatsun sai da takardar hanya da jagora, aka haɗa mu da wani mutumin Timiya, siriri, mai shekara kamar hamsin. Baba ya sa masa suna Madugu, ya kuwa karɓa, gama su ma da kalmar nan ta Hausa suke kiran shugaban ayarinsu. Muka zama bakwai. Muka cika tanki, da jarka biyu na ruwa masu lita ashirin-ashirin, muka kama hanyar Timiya, wadda take kimanin kilomita 220 arewa maso gabas.

Kada mai karatu ya ji kilomita 220 ya ce ai tafiyar awa uku ce. Bayan lambunan Dabaga hanya ta zama sawun taya kawai. Wani wuri ka bi cikin kori, watau busasshen rafi mai laushin rairayi, wani wuri ka hau kan baƙin dutse mai kaifi inda mota ke tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Korin nan su ne ran ƙasar. Ruwan saman da Agadas ke samu a shekara bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Kano ba, amma ɗan abin da ya zuba bisa duwatsu ba ya nutsewa, duka yake gangarowa cikin kori ya yi ambaliyar kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan ya ɓuya ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa za ka ga dutse tsirara hagu da dama, a tsakiya kuwa layin goruba da aduwa da tumfafiya da itatuwan ƙaya kore shar. Madugu ya hana mu kwana cikin kori ko da rani ne, ya ce al'ada ce da ba ya so ya saba karyawa, gama da damina ruwa yakan zo da dare daga inda ba a ga hadari ba.

A Elmiki muka ga mutane suna wanke ƙasa cikin ƙwarya suna fid da kuza, daidai yadda ake yi a Bukuru. Ba banza ba. Masana duwatsu sun nuna duwatsun kuza na Abzin, da na Damagaram, da na Jos jeri ɗaya ne daga arewa zuwa kudu, na Abzin ne yayye, na Jos ƙanne.

Bayan Elmiki ne abin ya same mu. Da la'asar sakaliya muka tsaya kwana a gindin wani dutse, uwargida ta murɗa famfo za ta ɗora tukunya, ko ɗigo bai fito ba. Ƙanena ya shiga ƙarƙashin mota, ya fito ya ce dutse ya huda tankin, ruwan duka ya tsiyaye a hanya. Abin da ya rage mana jarka ɗaya cikakkiya da rabin ɗaya, watau lita talatin, ga mutum bakwai, ga lagireto da ke neman nasa rabo a kowace hawa. Madugu ya ce akwai rijiya gaba kaɗan, da safe ma isa.

Nan uwargida ta karɓi mulki. Ta ce ba wanka, ba wanki, kwano da rairayi za a goge shi, kowa kofi uku a yini, yara kuwa duk sa'ad da suka nema. Ta fasa dafa shinkafa. Madugu ya kwaɓa garin alkama da ɗan ruwa kaɗan, ya ture garwashi gefe, ya binne ƙullin cikin rairayi mai zafi, ya mai da garwashi bisa. Bayan kamar rabin awa ya tono gurasa, ya kakkaɓe ta, ba ko tsakuwa ɗaya a ciki. Tagalla suke ce da ita. Muka ci da man shanu. Daren nan an yi sanyin da ban taɓa ji ba ko a Jos, taurari kuwa sun sauko kamar ka miƙa hannu ka tsinka. Ni dai ban yi barcin kirki ba, ina jin 'yarmu tana tari cikin ɗaki, ina lissafin kofuna.

Da hantsi muka kai rijiyar, muka tarar ta rufta, sai ƙasa da kashin awaki. Madugu bai ce kome ba. Ya tsaya ya dubi ƙasa, ya ce mu jira, ya bi wani sawun awaki da ƙafa. Muka zauna inuwar mota kusan awa biyu. Baba ya kira ni gefe, ya ce, "In abin ya yi tsanani, ku ba yaran nawa rabon. Ni na kawo ku." Na ce, "Haba Baba, ai ba a kai nan ba." Bai amsa ba, na kuma lura tun safe bai taɓa kofinsa ba.

Can sai ga Madugu tare da wata mace makiyayiya da 'yarta. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Ta kai mu wani lanƙwasan kori inda gorubai suka yi duhu, ta ɗaga wani faffaɗan dutse da ƙaya, sai ga rami zurfin kamu uku, ruwa na kwance a gindinsa. Irin wannan suke kira abankor. Ba a ɗiba da gaggawa. Ka kwashe ƙwarya biyar, ka jira ya sake tsatsafowa. Sai bayan azahar muka cika jarkokinmu, a cikin haka ƙanena ya yanki robar tsohon tib ya toshe hudar tankin da noti. Uwargida ta tace ruwan da ɗankwali, ta tafasa na sha. Na miƙa wa matar kuɗi, ta kau da kai. Madugu ya ce mini, "Malam, ba a sayar da ruwa nan. In kuna da sukari da ganyen shayi, shi ne." Muka ba ta, uwargida ta ƙara mata da man kaɗanya, ita kuma ta ba yara cuku guda huɗu.

Kashegari muka shiga Timiya. Bayan kwana biyu na baƙin dutse, sai kwari ya buɗe, ga dabino, ga lambuna jere bakin kori iyakar ganinka. Lokacin lemo ne, itatuwa sun yi nauyi har an tokare rassansu. Akwai rumman, da inabi, da ɓaure, a ƙarƙashinsu kuma fangalin alkama, da albasa, da tafarnuwa, da tumatir. Ɗanmu ya tambaye ni ko mun fita daga hamada ne. Na ce ya ɗaga kai ya dubi dutsen da ke bayan lambun, wanda ko ciyawa ɗaya babu a jikinsa.

Kwana uku muka yi a lambun wan Madugu, na kuwa ba da yawancin lokacina ga kallon yadda suke ban ruwa, gama abin koyi ne. A bakin rijiya an kafa itatuwa biyu da wani a gicciye, an sa masa gargare. Gugan na fata ne babba, yana da dogon baki a ƙasa kamar hannun riga. Igiya biyu ce, babba tana riƙe da gugan, ƙarama tana riƙe da bakin nan a naɗe sama domin kada ruwa ya zube. Duka biyu an ɗaure su jikin raƙumi ko takarkari. Yaro ya ja dabbar ta yi gaba, guga ya taso cike, da ya kai sama sai ƙaramar igiyar ta miƙar da bakin, ruwa ya kwarara cikin kututturen da aka fafe, ya bi lambatu zuwa fangali. Yaro ya juyo da dabbar, guga ya koma. Ba mai taɓa gugan da hannu. Tun asuba kake jin kukan gargaren nan daga kowane lambu. Tekarkart suke kiran abin.

A lokacin an fara shigo da injin ban ruwa, musamman domin albasa, wadda ke kawo kuɗi. Mai lambun da muka sauka wurinsa bai saya ba. Ya ce raƙumi yakan gaji ya huta, rijiya ma ta huta, inji kuwa ba ya gajiya sai ya ga gindin rijiya. Maƙwabcinsa da ya saya ya ce shi 'ya'yansa yanzu suna makaranta maimakon jan akala tun safe har dare. Ni malamin makaranta ne, ba na iya cewa na biyun bai yi gaskiya ba. Amma na ga ramin da muka sha ruwansa, na san ruwan ƙasar nan ba mai yawa ba ne, abin da damina ta ajiye ne kurum.

Wani abin da baƙo zai lura da shi a Timiya da sanyi shi ne ƙarancin maza. Mata, da yara, da tsofaffi, da masu lambu, su ke gari. Sauran suna tafiyar ayari. Wajen watan Oktoba suke ɗaukar gero su ratsa Tenere, rairayin da ke gabas da duwatsun, inda ake kwanaki ba itace ba ciyawa, har abincin raƙuma sai an ɗauka. Su kai Fashi da Bilma su sayi gishiri da dabino, su komo gida su ɗan huta, sa'an nan su gangara Damargu da ƙasar Hausa su sayar, su sayi gero da tufafi, raƙuma su yi kiwo cikin karan gonakinmu, su bar mana taki. Sai gab da damina suke komawa. Watau mutumin da muke gani zaune bayan garinmu da kantu, yakan yi fiye da rabin shekara bai ga 'ya'yansa ba. Matan kuwa su ke riƙe da awaki da gida. Ba su rufe fuska, maza ne ke rufewa, kuma ɗakin tabarmar da iyali ke kwana ciki na matar ne. Uwargida ta ce wannan doka ta yi mata.

Muka hau tudun da Faransawa suka gina ɗan sansani a kansa wajen 1950, muka kai yara wurin da ruwa ke zubowa daga dutse cikin wani tafki mai sanyi kamar ƙanƙara, kowa ya biya bashin wankan da ake binsa.

Daga Timiya muka yi arewa zuwa Asode, inda Baba ya ƙwallafa rai. Mutanen ƙasar sun ce shi ne gari mafi tsufa a Abzin, ya yi zamani yana babbar mahaɗar fatake kafin Agadas ta sha gabansa. Yau ba kowa. Gidaje na dutse ba rufi, tituna da za ka iya bi har yanzu, kangon babban masallaci, da fasassun tukwane barjat a ƙasa. Garin ya daɗe yana raguwa, yaƙin Kausan ya ƙarasa shi. A watan Disamba 1916 Kausan da mayaƙansa, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka kewaye sojojin Faransa a Agadas har zuwa Maris 1917. Da Faransawa suka sami gudummawa suka yi ramuwa mai tsanani, aka kashe mutane da yawa, har da malamai, aka kwashe dabbobi, jama'ar duwatsun da dama suka watse kudu har Kano.

Baba ya ce a bar shi ya zaga shi kaɗai. Muka tsaya muna hangensa yana dogara sanda cikin kangaye, ya tsuguna ya ɗauki katangar tukunya ya juya ta, ya mayar inda take. Ya fi awa guda. Ba wani rubutu ko alama a wurin da ke cewa Gobir, ba kuwa wanda ya ce masa nan ne takamaimai kakanninsa suka zauna. Da ya dawo ɗanmu ya ce, "Kaka, ka ga gidanku?" Ya ce, "Ban gani ba, maigida, amma na ga abin da ya sa suka tashi. Mutum mai son tuwo ba ya zama nan." Ya nemi a ba shi shayi. Da dare na ji shi yana yi wa Madugu lissafin sarakunan Gobir ɗaya bayan ɗaya, Madugu kuma yana faɗa masa sunayen rijiyoyin da ke tsakanin Timiya da Bilma.

Muka kwana Iferwan a gindin dutsen Tamgak, gari mai lambuna da maƙera, muka yi yamma har muka faɗa kwaltar Arlit, muka juyo kudu. Kimanin kilomita 110 kafin Agadas muka ratse zuwa Dabus. A bisa wani faffaɗan dutse mutanen dā sun sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban tsawonsa mita biyar da ɗoriya, da zanen jikinsa ɗaya-ɗaya, da kofato, da ido. Daga bakin kowannensu wani layi ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. A kewaye akwai ɗaruruwan zane na shanu da jiminu da barewa. Masana sun ƙiyasta aikin ya kai shekara 6,000 ko fiye, an kuma yi shi da dutse ne, ba da ƙarfe ba. Wanda ya sassaƙa dabbar nan haka lalle ya saba ganinta, watau wurin da muke tsaye muna kare fuska daga ƙura dā daji ne mai ciyawa da tafkuna. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har saura kusan 50 a 1996, a wajen Kure kusa da Yamai. Da aka tsare su sun sake yaɗuwa, sun wuce 600.

Komowa muka bi tsohuwar hanyar fatake, ta Adarbisanat da Tanut zuwa Damagaram. Kusa da Tanut muka cim ma ayari, raƙuma a jere kowanne da kantu naɗe cikin tabarma. Da muka ce daga Timiya muke, suka kewaye mota suna tambaya ko lemo ya nuna, ko an yi haihuwa gidan wane. Muka ba su rabin buhun lemon da muka ɗauko. Mun yi kwana goma sha shida, mun ci fiye da kilomita 2,000.

Ba mu cika wata biyu da dawowa ba, a Fabrairu 2007, aka kai hari sansanin soja na Iferwan, tawaye ya tashi har 2009. Aka binne nakiyoyi a hanyoyin da muka bi, mutanen Iferwan suka gudu suka bar lambunansu. A Satumba 2009 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Agadas, a 2010 aka sace baƙi ma'aikata a Arlit, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Ko da aka sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, baƙin ba su komo kamar dā ba, wanda kuma zai shiga duwatsun a shekarun nan sai da izini da rakiyar sojoji. Jagorori da direbobi da maƙera da yawa suka rasa abin yi. Madugu ya koma lambun wansa. Da aka sami zinariya a arewa a 2014, 'ya'yansa biyu suka tafi haƙa, da kuɗin da suka aiko kuwa aka sayi injin ban ruwa.